Allon da Yusha'u Masinja Ya Kafa a Bakin Famfo

Duk wanda ya zauna a layinmu na Unguwar Kanawa a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama, in ka ambaci Yusha'u Masinja a gabansa, sai ya yi dariya tukuna, sannan ya ja tsaki. Ni kuwa Ila tela, da shagona ke kallon famfon unguwa, na fi kowa cancantar yin duka biyun, don a kan idona aka yi komai.

Shekara ashirin da biyu Yusha'u ya yi yana masinja a wani ofishin gwamnati, yana kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan. Da ya yi ritaya ya dawo mana da tsohon keke, da tsohon kaki, da cikakken imanin cewa Turanci ya gama ratsa shi. In an tambaye shi makarantar da ya yi, sai ya ce, "Makaranta? Takardun da na rungume a ƙirjin nan sun fi na hedimasta yawa." Ba mai musa masa, don mu ma ba iyawa muka yi ba.

Famfo ɗaya ne a layin gaba ɗaya, kuma gaskiya mun ci amanarsa. Gwaggo Uwani mai koko a nan take wanke tukwanenta. Rabe mahauci a nan yake wanke kayan ciki. Masu wanki su yi, masu awaki su kawo su sha, har wurin ya zama taɓo mai wari, ƙudaje na biki. Ni da kaina nakan zubar da ruwan guga a wurin, ba zan ɓoye ba.

Ran wata Litinin sai ga duba-gari a kan babur, wani dogon mutum mai suna Malam Isma'ila, wanda ba a taɓa ganin haƙorinsa ba. Ya zagaya famfon sau ɗaya da hanci a toshe, ya ce da mai unguwa Dauda, "Mako biyu na ba ku. In na dawo na tarar da wurin nan haka, zan sa wa famfon kwaɗo. Ku je ku nemi ruwa inda kuka ga dama."

Hankalin kowa ya tashi, don famfon da ya fi kusa da mu yana can tsallaken titi wajen hanyar Kawo, tafiya ce mai karya wuya in da tulu a ka. Bayan la'asar aka taru a zauren mai unguwa. Shi dai shawararsa mai sauƙi ce: a sa mai shela ya zagaya ya ce an hana wanki da wanke-wanke a bakin famfo.

Yusha'u ya yi wata dariya ta cikin hanci.

"Ranka ya daɗe, an hana? Wa ke jin an hana a garin nan? Ai an hana ta Hausa roƙo ce. Ka ce da Bahaushe an hana, ya ce maka don Allah, ka ce to yau kaɗai. Shi ke nan magana ta mutu."

Mai unguwa ya ce, "To kai me ka gani?"

Yusha'u ya gyara zama, ya ɗaga yatsu uku. "Bature hani uku gare shi. Akwai ƙarami, na yara da karnuka, wannan da baki ake faɗinsa. Akwai matsakaici, na kuku da boyi. Sannan akwai babban." Ya sassauta murya, ya waiwaya kamar ana laɓe. "Furohibitet. Shi ba a wasa da shi. Ba ya zuwa da don Allah, ba ya karɓar yau kaɗai. A allo ake rubuta shi, a kafa, a juya baya a tafi. Shi zai yi gadin kansa."

Rabe mahauci ya ce, "Allon ne zai kama mutum?"

"Kai dai ka tsaya wajen hanji da tumbi, Rabe. Da idona na gani. Akwai tankin ruwa a bayan ofishinmu, akawuna sun mai da wurin dandali. Rana ɗaya aka kafa allon nan. Wallahi daga ranar ko babban akawu ta nesa yake zagayewa. Kuma in gaya muku," ya bugi ƙirji, "wannan allon da kansa yana gidana."

Zaure ya ɗauki salati. Mai unguwa, wanda dama neman wanda zai sauke wa kayan yake, ya ce, "To Malam Yusha'u, famfo yana hannunka."

"A bar mini. Kwana uku ya yi yawa."

Washegari da hantsi ya fito da abin a naɗe cikin tsohon zanen matarsa Hansai. Allon ƙarfe ne mai faɗin faifai huɗu, fari, da jan rubutu layi uku, da tambarin hukuma a sama. Ya haƙa rami, ya kafa shi a kan turke, ya ja da baya taku uku, ya sara masa. Sannan ya dubi jama'a ya ce, "Na gama nawa. Wanda ya ƙetare, shi da gwamnati." Ya juya ya tafi gida ko waiwaye babu, don a cewarsa haka ƙa'idar take.

Kafin azahar Gwaggo Uwani ta shanya matatar kokonta a kan allon. Kafin la'asar Rabe ya ɗaure ragonsa a turken.

Da Yusha'u ya dawo duba aiki, sai da hularsa ta kusa faɗuwa.

"Gwaggo! Kin san abin da kika rufe kuwa?"

Ko ɗagowa ba ta yi daga tukunyar da take kankarewa ba. "Allah ya yi maka albarka, Yusha'u. Shekara nawa ina neman wurin shanya a nan."

"Ba wurin shanya ba ne! Hani ne! Babban hani!"

"To me ya hana?"

"Komai!"

"Ni dai bai ce da ni komai ba. Tun safe muke tare."

Yusha'u ya zo shagona yana huci, ya ce ya gano matsalar. A ofis allon a sama yake, mutum sai ya ɗaga kai yake ganinsa, kuma da ɗaga kai tsoro ke shiga. Ya ari tsani wajen masu gini, ya samo doguwar azara, ya ce in riƙe masa. Na ce ina da ɗinkin suna. Ya ce dama aikin hukuma ba na tela ba ne, ya jingina tsanin da azarar da bai gama binnewa ba, ya hau da guduma a baki.

Ƙusa biyu ya buga lafiya. A ta uku azara ta ce ga garinku. Yusha'u da tsani da guduma suka taho tare, suka sauka a tsakiyar taɓon, daidai inda Rabe ya zubar da ruwan tumbi. Da ya miƙe, idanunsa kawai ake gani.

Rabe ya ce, "Sannu Malam Yusha'u. Allon bai hana faɗuwa ba ashe?"

"Gwada zurfin wurin nake yi," in ji Yusha'u, yana tofar da laka. "Duk cikin aikin ne."

A ƙarshe dai allo ya hau sama. Sai ga shi ya ba da wata 'yar inuwa mai daɗi da tsakar rana. Masu wankin da a da suke warwatse, duk suka tattaro ƙarƙashinsa. Har wani mai rake ya kawo baronsa ya kafa kasuwa, ɓawon rake ya ƙaru a kan abin da ke wurin. Mako guda ya wuce, taɓo ya kusa kawowa bakin shagona.

Mai unguwa ya aika a kira Yusha'u. "Kwana uku ka ce."

"Ranka ya daɗe, laifina ne, na manta abu guda. Kalmar nan ba ta aiki sai da kaki a kusa. Gobe za ka ga ikon Allah."

Da safe muka ga ikon Allah kuwa. Kakin da aka ɗinka wa Yusha'u tun yana siriri, shi ya cusa kansa ciki bayan shekara huɗu yana cin tuwon ritaya. Maɓallai na neman agaji, wando ya tsaya a ƙwauri. Ya tsaya ƙarƙashin allon da sanda a hammata, duk wanda ya sunkuya da kwano sai ya daka masa tsawa, "Furohibitet!"

Ya daka wa Gwaggo Uwani. Ta ajiye soso, ta dube shi sama da ƙasa.

"Yusha'u, ni na yi wa uwarka wankan jego. Da Hausa ka yi kukan farko, a kunnena. In kana da magana ka yi mini ita yadda zan ji."

"Gwaggo, in na fassara ta ƙarfinta zai zube."

"To riƙe abinka kar ya zube." Ta ci gaba da wanke-wankenta.

Ganin mutane sun gagara, ya juya kan ragon Rabe, wanda ke shan ruwa a kwatami. Ya sunkuya daidai kunnensa ya kwarara masa kalmar. Ragon ya ɗago, ya ja da baya kamar mai biyayya. Yusha'u ya waiwayo yana murmushi, ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Dabba ma ta..."

Bai ƙarasa ba. Ragon ya same shi ta baya da dukan ƙarfinsa. Muka ji ɓarrr, wandon gwamnati ya rabe gida biyu. Da baya da baya Yusha'u ya shigo shagona, ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya ce in ɗinke masa maza, kuma in sani sirrin hukuma ne. Na ɗinke, amma sirrin kam layi gaba ɗaya ya riga ya gani.

Yana zaune a nan ɗaure da zanen da na ara masa, sai ga Abdurrahim, akawu ne a wani kamfani, ɗan haya a gidan mai unguwa, ya dawo daga hutun da ya je garinsu. Shi kaɗai ne a layinmu ya yi sakandare. Ya tsaya, ya ɗaga kai ya karanta allon, ya dubi mutanen da ke tarar ruwa, ya shigo shagon da sauri.

"Baba Yusha'u, an ce kai ka kafa allon can. Ai abin da aka rubuta..."

"Na san abin da aka rubuta."

"A'a Baba, nufina, allon na wurin da..."

"Yaro, shekararka nawa a ofis?"

"Uku. Amma Baba..."

"Uku! Ina kai fayil kana tsotson yatsa. Yanzu don ka iya ɗaura wa wuyanka igiya za ka koya mini Turanci? Wanda na ji daga bakin masu shi?"

Abdurrahim ya tambaya a hankali, "Daga ina allon ya fito?"

"Daga ofishina, daga hannuna."

Sai na ga kafaɗun akawun sun sauka, alamar hankalinsa ya kwanta game da ruwan. Ya gyara igiyar wuyan tasa, ya ce, "To Baba, Allah ya ba da sa'a." Ya fita yana cije leɓe. Har gobe ina riƙe da shi a raina kan wannan. Da ya ja ni gefe ya faɗa mini, da ba a kai inda aka kai ba. Amma shi ma an taɓa masa zuciya, ya zaɓi ya sha kallo.

Saura kwana uku, sai Hansai ta ga in ta biye wa mijinta da ƙishi za ta mutu. Ta yafa mayafi ta shiga gida-gida. Ba ta da allo, ba ta da kaki. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo Uwani, ta ce, "Gwaggo, don girman Allah ki dawo da wanke-wanken nan ƙofar gidana, ni zan sa a riƙa kawo miki ruwa." Ta aika wa matar Rabe, matar Rabe ta yi wa Rabe magana irin wadda mahauci ke ji. Mazan layi kuma kunya ta kama mu, muka fito da shebur da fatanya, muka yanke lambatu, muka zuba yashi da tsakuwa. Cikin kwana biyu bakin famfo ya zama wurin da za ka shimfiɗa tabarma.

Yusha'u ya zagayo da hannuwa a baya, yana gyaɗa kai.

"Na gaya muku. Kalmar kamar maganin ciwon shawara take, sai ta kwana biyu a jiki."

Hansai, da tsintsiya a hannu, ta ce, "Malam, bayana ne ya kwana biyu a sunkuye."

"Ai ita ta sunkuyar da ke, ba ki sani ba."

Abu ɗaya ne ya dame shi. Faɗuwar da ya yi da kai-kawon jama'a sun fallatsa wa allon laka, rana kuma ta busar da ita, rubutun duk ya dushe. Da sassafen ranar da duba-gari zai zo, ya sake aro tsani, ya wanke allon da sabulu, ya goge da man gyaɗa, har jan rubutun yana ɗaukar ido daga bakin titi.

Malam Isma'ila ya iso da hantsi. Layi ya cika, har matan da ba sa fita suna leƙe ta ƙofar zaure. Ya sauka daga babur, kansa a ƙasa, don shi aikinsa ƙasa yake kallo. Ya bi lambatu, ya taka tsakuwa, ya shaƙi iska. Ya ce, "Madalla. Haka ake so." Ya ciro biro zai sa hannu a littafinsa. Mai unguwa ya sauke ajiyar zuciya. Da an bar mutumin nan minti ɗaya, da ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Sai ga Yusha'u ya ratso taro cikin kakinsa mai sabon faci, ya ƙame, ya sara.

"Yallaɓai, ba ka tambayi sirrin ba. Mu ma'aikata mun san juna. Ɗaga kanka ka gani."

Duba-gari ya ɗaga kai. Ya karanta. Ya sake karantawa. Ya mayar da biro aljihu.

"Mai unguwa, tun yaushe allon nan yake nan?"

"Mako biyu ke nan."

"Kuma kuna shan ruwan?"

"Me za mu sha in ba shi ba?"

Malam Isma'ila ya nuna allon da littafinsa, ya bi layi-layi yana faɗa da Hausa yadda kowa zai ji. "Ruwan nan gurɓatacce ne. An haramta shansa ko ɗibarsa. Bisa umarnin hukuma."

Wata mata da ta kai moɗa baki ta furzar. Can baya na hango Abdurrahim ya cusa hankici a baki, kafaɗunsa na rawa.

Duba-gari ya juyo kan Yusha'u. "Wa ya aiko da shi?"

"Ai... daga ofis ya fito, yallaɓai."

"To hukuma ce ta kafa ke nan. Dole in rufe famfo."

"A'a! Ba hukuma ba ce, ni ne!"

"Kai ne? Wa ya ba ka allon gwamnati mai tambari? In ɗauko shi ka yi, wannan maganar 'yan sanda ce. Wanne ne ciki?"

Yusha'u ya dubi famfo, ya dubi babur, ya dubi sama. Ban so ba, amma a lokacin sai da ya ba ni tausayi.

Hansai ce ta yi magana daga bakin zaure. "Ranka ya daɗe, a juji ya tsinto shi da aka rushe tankin ofishinsu. Shekara huɗu yana ƙarƙashin gadona, ina tuntuɓe da shi. Ruwanmu lafiyarsa ƙalau. Mai allon ne dai sai a hankali."

Taro ya fashe da dariya, har da mai unguwa. Duba-gari kaɗai bai yi ba.

"Na ji, Hajiya, kuma na yarda da ke. Amma na riga na karanta. Ba ni da ikon in ga umarnin hukuma a kan ruwa in wuce. Sai an ɗebi ruwan an auna, takarda ta fito. Kafin nan kar wanda ya taɓa allon, shaida ne."

Mai unguwa ya ce, "Kwana nawa takardar za ta yi?"

"Tambayi masinja. Ya fi ni sanin yadda fayil ke tafiya."

Ya buɗe jakar babur, ya ciro sarƙa da kwaɗo, ya ɗaure kan famfon da muka kwana biyu muna wa hidima, ya ja ya ji ya kama, ya tafi ya bar mu da ƙurar babur da bokitai wayam.

Abin da ya biyo baya ba zan iya maimaita shi duka ba, don akwai kalmomin da Gwaggo Uwani ta yi amfani da su waɗanda ba su dace da takarda ba. Rabe ya ce a ba shi Yusha'u minti biyar kawai. Mai unguwa ya tsawatar, ya yanke hukunci a tsaye: tunda famfo a hannun Yusha'u aka damƙa, to ruwan layi yana wuyansa. Duk gidan da ke da tsoho ko mai jego, shi zai kai masa garwa biyu kullum daga famfon hanyar Kawo, har ranar da za a cire kwaɗo.

Mako biyar takardar ta yi.

Ran kwana na tara ina cikin ɗinki na hango shi tafe, sanda a kafaɗa, garwa biyu na lilo, gumi ya jiƙe shi sharkaf, zagaye na shida ke nan tun safe. Ya sauke a ƙofar shagona yana haki. Na miƙa masa kujera, a zatona yau dai zan ji ya ce ya tuba. Ya daɗe yana kallon famfon, wurin fes, a bushe ƙayau, ba mai wanki, ba akuya, ko kaza ba ta gifta ba. Sai na ga fuskarsa tana washewa.

"Ila," ya ce, "ka faɗi gaskiya tsakaninka da Allah. Tun da aka karanta musu allon, ka ga wanda ya ƙara zuwa wurin nan?"

Sai muryar Hansai ta taso daga cikin gidansu.

"Malam! In ka gama yabon allon, randar Gwaggo Uwani ko rabi ba ta kai ba!"

Ya sunkuya ya saɓi sandarsa.